Ramin Ƙarya Ƙurarre Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani labari daga tseren motoci na Formula One wanda ya dame ni.

A shekarar 2008 aka yi tsere a Singafo. Ƙungiyar Renault tana da direbobi biyu, watau Fernando Alonso da Nelson Piquet ƙarami. Ana cikin gudu sai Piquet ya yi karo da bango, aka sa sauran motoci suka rage gudu har a kwashe tarkace. Alonso kuwa ya riga ya sha mai, saboda haka ya wuce gaba ya ci tseren. Kowa ya ɗauka tsautsayi ne.

A 2009, da Piquet ya ɓata da ƙungiyar, sai ya gaya wa hukumar tseren, FIA, cewa manyansa ne suka sa shi ya yi karon da gangan. To, me ƙungiyar ta fara yi? Ƙararsa ta kai, wai sharri yake yi. Ba a yi mako guda ba ta ce ba za ta yi musu ba, shugabanta Flavio Briatore da babban injiniya Pat Symonds suka bar aiki. Da hukuma ta yanke hukunci, bankin ING, wanda ke biyan kuɗi a rubuta sunansa a jikin motar, ya janye nan da nan.

Waɗansu suna yabon bankin. Ni dai yabona kaɗan ne, gama tun farkon shekarar ya riga ya ce zai tafi in kakar tseren ta ƙare. Mai talla sunansa yake tsaro. Idan sai ya ɓata rai sa'an nan za a bi gaskiya, yaya ke nan ran da ya ga rufa asiri ya fi masa riba?

A ganina abin da ya wajaba shi ne ƙungiya ta saurari mai ƙara tukuna, ta sa wanda ba ya cin abincinta ya bincika, ta kuma bayyana abin da aka samu. Piquet ma yana da laifi, amma laifinsa bai mai da maganarsa ƙarya ba.

Gobe mu ne malamai. Yaro zai kawo ƙarar wanda ya fi shi ƙarfi, watakila ɗan mai taimakon makaranta. Wa za mu fara saurara?