Maigida, Da Kai Nake

Tun kafin azumi matarka ta gaya maka ta ji wani ƙullutu a nononta. Ka ce, "Yana ciwo?" Ta ce a'a. Ka ce to a bar shi, zai baje. Ga babbar salla ta wuce, bai baje ba, kai kuma ko sau ɗaya ba ka sake tambaya ba.

Rashin ciwon nan shi ya yaudare ka. Sankarar mama yawanci shiru take farawa: ƙullutu mai tauri a nono ko a hammata, kan nono ya lotsa ciki, ko ya riƙa fitar da ruwa mai jini-jini, fata ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, ko nono ɗaya ya sauya kama. Ba kowane ƙullutu ne sankara ba, akasarinsu ma ba ita ba ce. Amma waye zai tantance? Kai, ko wanzamin unguwarku?

Da abin ya girma, ina ka nufa? Wajen mai magani. Aka ce jifa ne, aka hararo kishiya, baiwar Allah. Aka ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a yi allura. Wannan maganar ƙarya ce, kuma ta kai mata da yawa kushewa. Allurar da likita ke ɗibar ɗan nama da ita don gwaji ba ita ke kashewa ba. Watannin da kuka ɓata kuna shafe-shafe da hayaƙi, har wurin ya fashe ya zama gyambo, su ne suka ba cutar filin bazuwa. Addu'a? Ka yi, mu ma muna yi. Wane malami ne ya ce maka ta hana zuwa asibiti?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kaɗai sankarar mama ta kashe mutum kusan 670,000 a duniya. Da can kuna fakewa da nisan asibitin Shika ko na Sakkwato. To a 2025 an buɗe cibiyar masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya, nan cikin Katsina. Daga Ƙofar Marusa nawa ne kuɗin Keke Napep?

Na san abin da ke ranka, ba kuɗi kaɗai ba ne. Kana ƙyashin wani ya duba jikin iyalinka, kana tsoron a ce za a cire nonon. Ita kuma kunya da fargabar ka juya mata baya sun rufe mata baki. In kishin ne, ka roƙi mace ta duba ta. Litinin ɗin nan da sassafe ka ce ta ɗauko hijabinta.