Gurbi takwas a ƙasa, kafin kwamfuta ta iso

Duk yaron Mai Yara da aka taɓa aika kasuwa ya san in mai ƙuli-ƙuli ta ce "ashirin", sefa 100 take nufi, domin da dala ake ƙirga kuɗi, dala kuwa sefa 5 ce. A aji, ashirin ashirin ce kawai. Lamba ɗaya, karatu biyu, kuma yaron ba ya ruɗewa. To me ya sa muke cewa ilimin kwamfuta ya fi ƙarfin yaran karkarar Dakoro sai ran da aka kawo inji da lantarki?

Malam, ka haƙa gurbi takwas a ƙasa kamar na dara. Na farko darajarsa 1, na biyu 2, sai 4, 8, 16, 32, 64, na ƙarshe 128. Gurbi ko da tsakuwa ko babu. Haka kwamfuta take ajiye lamba. Ka sa tsakuwa a gurbin 128 da 64 da 8: jimla 200, wato jikka guda in dala ce. In aka cika duka, 255.

Yanzu ka sauya sharaɗi: gurbin ƙarshe bashi ne, ba samu ba. Ba a taɓa tsakuwa ko ɗaya ba, amma 64 da 8 sun tarar da bashin 128. Mai jikka ya koma mai bashin dala 56.

Wannan ba wasan yara ba ne kawai. Mai rubuta shafin intanet da harshen JavaScript, in ɗanyen bayani ya iso masa, dole ya zaɓa: getUint8, mai karanta lamba ba bashi, daga 0 zuwa 255, ko getInt8, daga -128 zuwa 127. In ya zaɓi kuskure, injin ba zai ce uffan ba, zai nuna lambar ƙarya.

Tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa tun 1 ga Janairu 1970 a gurbi 32, na ƙarshe na bashi, za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, agogonsu ya koma 1901. Yaran da ke firamare yau ne samarin lokacin.

Iyaye, in yaro ya dawo gida yana jera tsakuwa a tsakar gida, kada a kore shi. A tambaye shi nawa ne, sannan a tambaye shi da wane sharaɗi ya karanta.