Nasiha ga masu injin niƙa da masu kai musu hatsi a kan kwantakta

Ya ku 'yan kasuwa da dillalai, maganata yau a kan injin niƙa ce da na casa mai aiki da lantarki. Ra'ayina shi ne duk moto mai fes uku a sa masa kwantakta, a daina tayar da shi da suwic na hannu.

Ga dalili. Moto mai ƙarfin doki 10 yana jan wajen amfa 15 in yana cikin aiki, amma a lokacin tashi yakan ja ninki shida ko bakwai na wannan. Suwic na hannu a hankali yake haɗuwa, sai ya yi tartsatsi, bakinsa ya cinye. Ita kwantakta maganaɗisu ne a cikinta. Ka danna maɓallin kore, 'yar wuta kaɗan ta shiga koyil ɗinta, sai ta haɗa layu ukun lokaci guda. Ka danna ja, ta sake su. Hannun yaron inji bai kusanci babbar wuta ba ke nan.

Na biyu, in an ɗauke wuta takan saki da kanta, kuma ko an dawo da ita inji ba ya tashi sai an sake dannawa. Suwic na hannu kuwa in an manta shi a kunne, wuta na dawowa bel zai juya, ko da hannun mutum na ciki. Wannan kaɗai ya isa hujja.

Na uku, ana haɗa ta da obalod. In layi ɗaya ya faɗi, ko an cika wa inji hatsi ya shaƙe, obalod ya yanke wuta kafin koyil ya ƙone. A saita shi daidai da amfar da ke rubuce jikin moto. Wajen saye a dubi amfar da aka rubuta gaban AC-3, ita ce ta moto. In moton babba ne a yi masa haɗin sita-delta, wanda ke rage jan wutar tashi zuwa sulusi.

Wani zai ce tsada. To ya lissafa kuɗin naɗin koyil, da kwanakin da inji zai yi a tsaye, ga masarar mutane jibge, farashi na sauyawa, mai oda yana jira. Rigakafi ya fi magani.

Sai gargaɗi: in wuta ta yi rauni kwantakta na kakkarwa, wasu kan tokare ta da tsinke. Wanda ya yi haka ya kashe amfaninta duka. A tsayar da inji har wuta ta daidaita, a kira mai gyaran da ya san aikinsa.

Dillali, kafin ka sauke buhunanka, leƙa akwatin wutar mai inji.