SHARHI: Yadda New York ke yaƙi da ƙarar salansa, da tambayar da ta rage

A watan Disamban 2023 majalisar birnin New York ta amince da dokar da ta wajabta kafa aƙalla kyamarori biyar masu jin sauti a kowace ɗaya daga gundumomi biyar na birnin. Abin da ake farauta shi ne motocin da aka sauya musu salansa domin su riƙa ruri. Da zarar ƙarar mota ta haura desibel 85, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, daga nisan kimanin mita 15, na'urar za ta ɗauki bidiyon motar da lambarta. Tarar farko dala 800 ce, tana kuma iya kaiwa dala 2,500 ga wanda ya maimaita.

Kafin wannan, Gwamna Kathy Hochul ta sanya hannu a 2021 kan dokar SLEEP, wadda ta ɗaga tarar ɗaura haramtacciyar salansa daga dala 150 zuwa dala 1,000. Dokar ba ta tsaya kan direba ba. Garejin da aka kama sau uku cikin wata 18 na iya rasa lasisin duba lafiyar motoci. Ma'ana, hukuma ta bi ɓarawo ta kuma bi sawunsa.

Fahimtar rikicin na buƙatar sanin aikin salansa. Hayaƙin inji na fita ne da bugu mai ƙarfi. Yakan fara ratsa matatar da ke rage gubarsa, sannan ya shiga tukunyar da ke karya amonsa kafin ya fita. Masu gyaran mota don ƙawa sukan sauya bututun da ke bayan matatar da wani mai faɗi, wasu kuma su cire tukunyar baki ɗaya su miƙe bututun. Cire matatar kanta laifi ne a dokar tarayyar Amurka ta tsaftar iska.

Ɗaurin ma na da nasa tasiri. Bututun da faɗinsa ya wuce ƙarfin inji na iya rage wa mota kuzari a ƙananan gudu. Wanda bai zauna daidai a maratayinsa ba yakan bugi jikin mota, mahaɗar da ke yoyo kuwa na iya shigar da iska mai guba cikin ɗakin fasinja. Saboda haka salansa iri ɗaya kan yi sauti daban a motoci biyu, gwargwadon hannun makanikin da ya ɗaura ta.

Hujjar hukuma ita ce lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa matsakaicin ƙarar titi da dare kada ya wuce desibel 45, domin rashin barci na da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Ƙarin desibel 10 kuwa kunne na jin sa ne kamar an ninka ƙarar. Mai motar ya biya kuɗin salansarsa, amma maƙwabtan da ke tashi da asuba zuwa aiki su ne ke biyan sauran farashin. Wannan lissafi ne ya sa birnin Paris na Faransa ya fara gwajin irin wannan na'ura a 2022.

Sai dai kyamara ƙara take aunawa, ba ta leƙa ƙarƙashin mota. A 2024 wani mai Lamborghini ya kai birnin ƙara kotu, yana cewa an ci shi tara alhali bai taɓa salansar da kamfani ya ƙera motar da ita ba. A nan dokoki biyu suka yi karo: ɗaya ta halatta sayar da motar, ɗaya tana hukunta sautinta. Birnin na ganin cewa yadda direba ke taka totur shi ne abin tuhuma.

Akwai kuma batun adalci. Dala 800 ba ta girgiza mai motar alfarma, amma tana iya cinye albashin mako na wanda salansarsa ta ɓule don tsufa. A farkon shirin kuma ba a bayyana wuraren da kyamarorin suke ba, abin da ya hana jama'a tantance ko an tara su ne a unguwannin masu hali, ko kuwa an kai su inda ƙarar ta fi addabar talaka.

Najeriya ma tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara tun 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, amma masu wasa da mota da babur na ci gaba da raba mutane da barci. Abin da New York ta nuna shi ne doka na fara cizo ne idan aka sa mata adadi, aka samar da ma'auni, aka kuma ɗora alhaki kan gareji. Abin da ba ta warware ba tukuna shi ne wanda zai sa ido kan na'urar da ke sa ido kan kowa.