Raddi ga Masu Cewa a Jamus Aka Haifi Ilimin Labarin Ƙasa

Akwai da'awar da ta daɗe tana yawo a littattafan koyarwa, cewa ilimin labarin ƙasa bai zama fanni mai ƙa'ida ba sai a ƙarni na 19, a hannun Jamusawa biyu, Alexander von Humboldt da Carl Ritter, kuma wai abin da malaman Musulmi suka rubuta kafin nan ajiyar aikin Girkawa ne gauraye da tatsuniyoyin matafiya. Hujjoji uku ake kafa wa wannan da'awa, ɗaya ce kawai a cikinsu take da madogara.

Mai madogarar ita ce hujjar jami'a. Gaskiya ne Ritter ya hau kujerar koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Berlin a 1820, aka kafa ƙungiyar masanan fannin a Paris a 1821 da ta Landan a 1830, kuma daga nan fannin ya samu albashi da ɗalibai da mujallu. Sai dai wannan tarihin kujera ne, kuma duk wanda ya ɗauki ranar buɗe sashe a matsayin ranar haihuwar ilimi, tilas ya yarda babu fiƙihu a duniya kafin a buɗe tsangayar shari'a a jami'o'in zamani.

Game da cewarsu ajiya ce kawai, amsa ita ce mai ajiya ba ya gyara abin da aka ba shi amana. Baɗlimus na Iskandariyya, a ƙarni na 2, ya jera wurare kimanin 8,000 tare da ma'aunin tsawo da faɗi, wato lambobin da ke nuna nisan wuri gabas ko yamma da kuma nisansa daga layin da ya raba duniya biyu, amma ya miƙar da Bahar Rum har digiri 62. Al-Khwarizmi, a littafinsa Suratul Ardi wajen shekarar 833, ya rage wannan tsawo da kimanin digiri 10, ya kusantar da shi ga ainihinsa na wajen digiri 42. A zamanin ne kuma Halifa Ma'amun ya tura masana taurari filin Sinjar suka auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa da igiya da kallon sama, maimakon su ɗauki lambar magabata da ka. Al-Biruni ya ɗara su, domin a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayin dutse da kusurwar da ido ke sunkuyawa zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa, ya fitar da girman duniya ta hanyar lissafi, sannan a 1025 ya kammala littafi kan tantance mazaunin garuruwa domin gano alƙiblar Ghazna. Larurar fuskantar Ka'aba, wadda masu da'awar ba su cika ambatonta ba, tana cikin abubuwan da suka tilasta wannan tsantseni.

Hujja ta uku ita ce kurakurai, kuma ba a musun su. Al-Idrisi, wanda ya kammala Nuzhatul Mushtaƙ a Palermo a 1154 domin Sarki Roger na Biyu, da taswirori 70, ya zaci wani reshen Nilu ne yake ratsa ƙasashen baƙar fata ya nufi yamma. Amma idan kuskure yana fitar da aiki daga ilimi, to taswirar Turawa ma ta fita, tunda James Rennell ya zana Duwatsun Kong a Afirka ta Yamma a 1798, duwatsun da babu su, aka yi ta kwafar su kusan shekara 90 kafin Bafaranshe Binger ya taka wurin ya tarar da fili. Turawa ba su tabbatar da inda kogin Kwara yake zuba ba sai da 'yan'uwa biyu masu suna Lander suka bi shi har teku a 1830, kuma kafin nan, lokacin da Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, a hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi taswirar yankin da bayanin ƙasashen Takrur daga Infaƙul Maisuri, waɗanda aka buga a Landan a 1826.