Kuɗin injin iska ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle

Duk wanda ya taɓa raka mai sayen gbaka a Ajame ya san tambayar da gogaggen direba yake fara yi kafin a kai ga ciniki: in wani abu ya lalace, akwai kayan gyaransa a garin nan, kuma akwai makanikin da ya san cikinta? 'Yan kasuwarmu na Bromakote ba sa bukatar a koya musu wannan. Sun san motar da aka saya da araha, in ba ta da kayan gyara, kwana kaɗan za ta zama wurin kwanan kaji. Ra'ayina shi ne, wannan tambayar ce ya kamata gwamnatocinmu su fara yi kafin su sa hannu a kan kwangilar injinan da ke samar da lantarki daga iska, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Lambar Rimi, a jihar Katsina. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ɗauko maganar a 2005 yana gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓi aikin. An tsara injina 37, kowane mai ƙarfin kilowat 275, wato kimanin megawat 10 ke nan, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa. A watan Disamba na 2012 aka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba na 2013. Aiki ya tsaya, aka yi ta sa ranar buɗewa ana ɗagawa, har aka haura shekara goma. Rashin tsaro yana da nasa laifin, amma akwai darasin da ya wuce shi: injin da aka kafa ba a kunna ba, tsufa yake yi a tsaye. Rana tana dukansa, giris yana bushewa, tsatsa tana cin ƙarfe, wa'adin garantin mai ƙira kuma yana tafiya.

Ko da injin yana juyawa lafiya, shekaru suna rage masa ƙarfi. Ana ƙera irin waɗannan injina ne su yi shekara 20 zuwa 25. A 2014 Iain Staffell da Richard Green na Kwalejin Imperial da ke Landan suka bi diddigin gonakin iska na Birtaniya, suka gano cewa wutar da suke bayarwa tana raguwa da kimanin kashi 1.6 cikin 100 kowace shekara. Mai karatu ya yi lissafi: a shekara goma an yi asarar kusan kashi 15. Wannan fa a ƙasar da makanikai da kayan gyara suke kusa, kuma babu hazo.

Mu kuwa muna da hunturu. Ƙurar da ke sauka daga Sahara tana manne wa fukafukai, tana goge bakinsu kamar sanfefa, iska ta daina zamewa a kansu yadda aka tsara. Tana kutsawa cikin matatar mai da boris, zafin bazara kuma ya tsinke man akwatin giya. Wannan akwati shi ne yake mai da juyin fukafukai mai nawa ya zama juyi mai sauri da janareta yake so, yana kuma cikin sassan da gyaransu ya fi tsada. Ba kuɗin ƙarfen kaɗai ake biya ba: akwai jiran jirgin ruwa, da kwastan, da watannin da injin zai yi a tsaye ba ya sayar da ko kilowat ɗaya. A ƙiyasin da masana suka saba yi, tattalin injin da ke kan tudu yana cinye kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na kuɗin wutar da zai samar a rayuwarsa.

Abin takaici, injinan Lambar Rimi irin waɗanda aka ƙera don sauƙin kulawa ne. Fukafukansu biyu, kuma ana iya kwantar da dogon turken ƙasa a yi gyara a mai da shi, ba sai an ɗauko ƙaton injin ɗaga kaya daga Legas ba. Amma sauƙin ƙira ba ya biyan albashin makaniki, ba ya sayen mai, ba ya gadin waya da dare.

A Senegal an bi wata hanya. Gonar iska ta Taiba Ndiaye, mai injina 46 da ƙarfin megawat 158.7, an buɗe ta a Fabrairun 2020, kuma tun wajen cinikin injinan aka haɗa da yarjejeniyar cewa kamfanin Vestas da ya ƙera su zai kula da su na shekara 20. Masu gonar kuwa sai sun sayar wa kamfanin Senelec wuta suke samun kuɗi, saboda haka tsayawar fiffike ɗaya asara ce a aljihunsu. Bahaushe ya ce tun ran gini, tun ran zane.

Wani zai ce a bar iska mana, a koma ga rana, tunda faranti ba shi da giya balle boris. Akwai gaskiya a ciki, kuma nan Kodebuwa an buɗe tashar hasken rana a Boundiali a 2024. Sai dai faranti ma yana son wanki, batir yana mutuwa, na'urar juya wuta tana ƙonewa. Wanda ya kasa tattalin injin iska, haka zai kasa tattalin faranti. Iska kuma tana da ranarta, domin takan kaɗa da dare lokacin da faranti ya yi barci.

A 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a kan gonar iska ta Tarka a jihar Tawa, wadda aka ce za ta kai megawat 250. Da yawa daga cikin mazauna Ajame da Treichville can ne gida, don haka maganar ta shafe mu. In aikin ya tashi, abubuwa uku nake so a bayyana wa jama'a kafin a zuba siminti: nawa aka ware don kulawa kowace shekara kuma daga wane asusu, 'yan ƙasa nawa za a horar su iya buɗe akwatin giya da hannunsu, sannan a wane gari za a ajiye rumbun kayan gyara. Ɗan jaridar da ya je bikin buɗewa kuma, ya koma bayan shekara biyar ya ƙirga mana fukafukan da ke juyawa.