A Koyar Da Ilimin Tsufa A Jami'o'inmu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da halin da tsofaffinmu suke ciki a nan Anka, Gummi da Bukkuyum, da irin karatun da ya kamata ɗiyanmu su yi saboda su.

Ni manomi ne, da rani nakan kasa kaya a kasuwannin ƙauye, boko kuwa a firamare na tsaya. Amma na samu labarin wani fanni da ake karantawa a jami'a wanda Turawa ke kira jerontoloji, watau ilimin tsufa. Ba aikin likita ne kawai ba. Ɗalibi zai koyi yadda jiki da hankali ke canzawa in shekaru sun ja, da abincin da ya dace da tsoho, da zamansa cikin iyali, da haƙƙinsa a wurin hukuma. A Amurka, tun 1975 Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe makaranta sukutum domin wannan fanni, kuma ana yin digirin farko a cikinta.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, ai mu ba mu yar da iyayenmu? Gaskiya ne, amma mu dubi abin da ke faruwa. A da, tsoho yana gandu, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Yau 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, mutane sun gudo cikin Anka da Gummi, matasa sun tafi ci-rani ko haƙar zinariya. In aka zo gudu, wa ake bari a baya? Tsoho da tsohuwa. Haka da ambaliya ta ci gidaje a Gummi a 2024, mai ƙarfi ya sake gini, mai shekara 80 fa? Ma'aikacin gwamnati yana sa ran fansho, manomi da ɗan tireda kuwa fanshonsu 'ya'yansu ne.

Bugu da ƙari, ko muna tare da su, ƙauna ba ta maye gurbin sani. Tsoho ya daina gani, sai mu ce tsufa ne, alhali sau da yawa yanar ido ce da ake cirewa da ɗan aiki a asibiti. Hawan jini da ciwon suga suna cin mutum ba a sani ba, sai ɓarin jiki ya shanye. Mafi ciwo, tsohuwa ta fara mantuwa tana sambatu, sai a ce gigin tsufa ne, wani wurin ma a laƙa mata maita, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Wa zai wayar mana da kai in ba wanda ya karanta ba?

Mutanen wannan yanki mun san amfanin masani. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, sai da masana suka zo kafin aka gane daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030, mutum 1 cikin 6 a duniya zai kai shekara 60 ko fiye. Gwamnatin Tarayya ta ɗan motsa: a 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar tsofaffi tun 2012. Amma doka a Abuja ba ta auna jinin tsoho a Bukkuyum, sai da ma'aikata.

Don haka ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Jiha ta Talata Mafara, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, su sa ilimin tsufa cikin karatun digirin farko. Ba gidan ajiye tsofaffi irin na Turai muke nema ba. Yaranmu muke so, masu jin Hausa da Fillanci, waɗanda za su shiga gida-gida su koya wa iyali yadda ake jinya. Gwamnatin jiha kuma ta tanadi gurbin aiki a kowace ƙaramar hukuma cikin 14 ɗin nan, don kada yaro ya gama ya dawo zaman kashe wando. Mu iyaye, kada mu hana ɗiyanmu, maza da mata, don ba mu saba jin sunan karatun ba.

Daga ƙarshe ina tunatar da shugabanninmu cewa ranar 1 ga Oktoba ba ranar 'yancin kai da ƙirƙiro Zamfara ba ce kaɗai. Tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta domin tsofaffi. In an tashi jawabi a Gusau, a tuna da su. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.

Naka,
Wani manomi,
Gummi, Jihar Zamfara.